NBA: wa ke da ta cewa, ɗan wasa ko mai ƙungiya?

Da asubahin Lahadi 2 ga watan Fabrairun 2025, lokacin da ake fitowa daga masallaci a Yamai da Maraɗi, tsakar dare ne a gabashin Amurka. A daidai wannan lokaci ɗan jaridar tashar ESPN, Shams Charania, ya wallafa wani labari da mutane da dama suka ɗauka kutse aka yi wa shafinsa: ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks ta miƙa Luka Dončić ga Los Angeles Lakers, ta karɓi Anthony Davis.

Dončić ɗan ƙasar Sloveniya ne, shekarunsa 25 a lokacin. Sau biyar a jere ana saka shi cikin ƴan wasa biyar da suka fi kowa a gasar NBA, kuma watanni takwas kafin wannan dare shi ya kai Dallas wasan ƙarshe, inda Boston ta doke su. Bai nemi a sauya masa ƙungiya ba, ba a kuma shawarce shi ba. Sai da aka gama ciniki aka sanar da shi. Da ya zauna a Dallas har zuwa tsakiyar shekarar, yana da damar sa hannu kan kwantiragin shekaru biyar na kusan dala miliyan 345 (dalar Amurka ake nufi, ba dalar cefanen kasuwa ba), wato wajen biliyan 200 na kuɗin sefa. Ƙa'idar gasar ba ta ba sabuwar ƙungiyarsa damar biyansa wannan adadi ba. Cikin dare ɗaya damar ta wuce.

Wannan ya faru ne a gasar da aka shafe shekaru goma sha biyar ana kukan cewa ƴan wasanta sun fi ƙarfin kowa: su ke zaɓen inda za su je, su ke zaɓen abokan wasansu, su sa hannu kan takarda yau, gobe su ce sun fasa. Kukan yana da tushe. Sai dai wanda ya bi lissafin sannu a hankali zai tarar cewa ƙarfin da ake magana a kai yana hannun mutum goma ne ko ashirin cikin kimanin 450, kuma masu ƙungiyoyin ne da kansu suka gina tsarin da ya haife shi.

Ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne

Mai bin Real Madrid ko Barcelona a fada ya saba da wani tsari daban. A ƙwallon ƙafa, ko ƙungiyoyi biyu sun daidaita kan farashi, sai ɗan wasa ya yarda ya sa hannu kan sabon kwantiragi kafin ya tashi. In ya ce ba ya zuwa, magana ta ƙare. In kuma kwantiraginsa ya ƙare, tun bayan hukuncin Bosman na 1995 yana iya tafiya kyauta, kamar yadda Kylian Mbappé ya bar PSG a 2024.

A NBA ba a sayen ɗan wasa da kuɗi, musayarsa ake yi. Ƙungiya ta ba da mutum, ta karɓi wani mutum ko damar zaɓen matasa a shekaru masu zuwa, kwantiragin kuma ya bi shi duk inda aka tura shi. Yardarsa ba sharaɗi ba ce. Yana iya kwana a Miami mai zafi, ya wayi gari an ce ya tattara iyalinsa zuwa Minnesota mai ƙanƙara.

Tun daga ƙofar shiga ma ba shi ke zaɓe ba. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar suna raba sababbin matasa a tsakaninsu, ana jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda suka fi shan kashi don a fitar da mai zaɓen farko. Ta haka Bafaranshe Victor Wembanyama ya sami kansa a San Antonio a 2023. Shi kansa Dončić, wanda ya ci kofin Turai da ƙungiyar kwando ta Real Madrid, Atlanta ce ta zaɓe shi a 2018, ta miƙa shi ga Dallas a daren. Matashin da aka ɗauka a zagayen farko yana iya kai shekaru huɗu a kwantiragin farko, kuma in ya ƙare, ƙungiyarsa na da ikon riƙe shi muddin ta biya abin da wata ta taya. A aikace, ɗan wasa mai hazaƙa yakan yi shekaru bakwai zuwa tara kafin ya sami ranar da zai ce ga inda yake son zuwa, alhali da yawa ba sa ma kai wannan adadi a gasar.

Ko wannan ɗan ƴancin sai da aka yi shari'a a kansa. A 1970 Oscar Robertson, wanda ke shugabantar sandikar ƴan wasa a lokacin, ya kai gasar kotu. Sai 1976 aka sasanta, aka soke sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa da ƙungiya ɗaya muddin tana son sa. Cikakken ƴancin tafiya bayan ƙarewar kwantiragi bai samu ba sai 1988.

Daga LeBron zuwa Harden

Zamanin da ake kira na ƙarfin ƴan wasa ana ƙirga shi ne daga 8 ga Yulin 2010, ranar da LeBron James ya fito kai tsaye a talabijin ya sanar cewa zai bar Cleveland ya koma Miami, inda zai haɗu da Dwyane Wade da Chris Bosh. Magoya baya sun ƙona rigarsa a titi, mai ƙungiyar Cleveland, Dan Gilbert, ya rubuta wasiƙar zargin cin amana. Amma a gaskiya LeBron bai karya komai ba. Ya cika shekaru bakwai, kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi. Bayan ya dawo Cleveland a 2014 sai ya ƙaro wata dabara: ya riƙa sa hannu kan gajeren kwantiragi, ta yadda shugabannin ƙungiya kullum suna cikin fargabar zai tafi in ba su kawo masa ƴan wasan kirki ba. Ya ci musu kofi a 2016, ya wuce Lakers a 2018.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tayar da ƙura, domin waɗanda suka zo daga baya sun daina jiran ƙarewar kwantiragi. A Janairun 2019 wakilin Anthony Davis, Rich Paul, ya fito fili ya ce Davis na son barin New Orleans, alhali da sauran fiye da shekara a takardarsa. Gasar ta ci Davis tarar dala dubu 50, abin da bai kai kuɗin da yake samu a wasa ɗaya ba. A watan Yuni ya isa Lakers, inda yake so, ya kuma ɗaga kofi a 2020.

James Harden ya yi haka sau uku cikin ƙasa da shekaru uku. Ya matsa ya bar Houston zuwa Brooklyn a Janairun 2021, ya bar Brooklyn zuwa Philadelphia a Fabrairun 2022, sannan a Agustan 2023 ya tsaya gaban jama'a a ƙasar Sin ya kira shugaban Philadelphia, Daryl Morey, maƙaryaci, ya ce ba zai sake aiki ƙarƙashinsa ba. An ci shi tarar dala dubu 100, bayan wata biyu da rabi aka tura shi Los Angeles Clippers, ƙungiyar da ya nema. Kevin Durant ya sa hannu kan ƙarin shekaru huɗu da Brooklyn a 2021 kan kusan dala miliyan 198, kuma tun kafin sabon kwantiragin ya fara aiki ya nemi a sake shi. Ben Simmons bai taka wa Philadelphia wasa ko ɗaya ba a kakar 2021-2022, yana mai cewa lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba ta ba shi dama ba, har aka musanya shi. Jimmy Butler kuwa sau uku Miami ta dakatar da shi a watan Janairun 2025 kaɗai, kafin ta haƙura ta miƙa shi ga Golden State.

A nan masu kuka suna da gaskiya, kuma babu amfanin a yi musu gardama. Kwantiragin NBA galibi mai tabbas ne: ko ɗan wasa ya karye, ko ƙarfinsa ya ragu, sai an biya shi har ƙarshe. Wanda ya karɓi wannan tabbaci na shekaru huɗu ko biyar, sannan bayan shekara ɗaya ya fara jan ƙafa don a sake shi, ya ci ladan kuturu ne ya ƙi yi masa aski. Kuma ba attajirin da ya mallaki ƙungiya ne ke ɗanɗana kuɗar ba. Mai ɗanɗanawa shi ne ma'aikacin New Orleans ko Portland da ya tara kuɗi ya sayi tikitin kaka guda saboda mutum ɗaya, da kuma ƙananan ƴan wasan da ake cusawa cikin cinikin don albashi ya daidaita, ba tare da sun san hawa ko sauka ba. Harden na iya zaɓen birni, amma waɗanda aka haɗa da shi a kowane ciniki babu wanda ya tambaye su.

Inda ƙarfin ya samo asali

A ƙwallon ƙafa mutum goma sha ɗaya ne a fili, tauraro na iya ɓacewa cikin wasa. A kwando mutum biyar ne, kuma babban ɗan wasa na iya riƙe ƙwallo a kusan kowane hari. Mutum ɗaya na iya mayar da ƙungiyar da ba ta tsinana komai ta zama mai neman kofi. Wannan shi ne dalili na farko, kuma babu dokar da za ta sauya shi.

Na biyu kuwa hannu ne ya ƙera shi. Bayan rikicin da ya sa masu ƙungiyoyi suka rufe gasar a 1998, har kakar ta taƙaita zuwa wasanni 50, an sa wa albashin mutum ɗaya iyaka. A yau ɗan wasa ba ya wuce kashi 25, ko 30, ko 35 cikin ɗari na jimillar albashin da aka ƙayyade wa ƙungiya, gwargwadon shekarunsa a gasar. A kakar 2025-2026 wannan jimilla ta kai kusan dala miliyan 154 da rabi, don haka sabon kwantiragi mafi tsada yana farawa ne daga wajen miliyan 54 a shekara. Kuɗi ne mai yawa ƙwarai, amma abin lura shi ne, wanda ya fi kowa iya wasa a duniya da wanda ke na ashirin suna iya karɓar albashi ɗaya.

Masu ƙungiyoyi sun nemi wannan iyaka ne don kada su riƙa tsere da juna wajen zuba kuɗi. Sakamakon da ba su hango ba shi ne, tunda kowace ƙungiya abu kusan ɗaya za ta iya biya, kuɗi ya daina zama abin da ke riƙe tauraro. Sai ya koma duba wasu abubuwa: wane birni, su wa zai taka da su, wane mai horarwa, ina ne damar kofi. Ƙungiyar ƙaramin gari ba ta da ikon ta ce masa ga ninki biyu, ka zauna. Abin da aka hana shi a albashi, shi yake karɓa a matsayin iko.

Bayan Durant ya bar Oklahoma City zuwa Golden State a 2016, an yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. Daga 2017 aka ba ƙungiyar da ta raini ɗan wasa damar biyansa kashi 35 tun kafin ya cika shekaru goma, in ya kai wani matsayi. Maganin ya zo da nasa ciwon. Ɗan wasa mai wayo sai ya fara sa hannu ya kama kuɗin, daga baya ya nemi tafiya. Ƙungiya mai tsoron adadin kuma sai ta rabu da shi tun ranar biya ba ta zo ba. Shugaban Dallas na lokacin, Nico Harrison, ya ce tsaron gida ne ke cin kofi, shi ya sa ya zaɓi Davis, amma dala miliyan 345 ɗin nan na tsaye a bayan duk wata magana da aka yi kan cinikin.

Amana ta ɓangare ɗaya

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. DeMar DeRozan ya yi shekaru tara a Toronto, a lokacin da ƴan wasan Amurka ke gudun zama a Kanada. A Yulin 2018 shugaban ƙungiyar, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya miƙa shi ga San Antonio ya karɓi Kawhi Leonard. DeRozan ya nuna a fili cewa an ba shi tabbacin ba za a taɓa shi ba. Toronto ta ci kofinta na farko a 2019, da Leonard da ɗan Kamaru Pascal Siakam, kuma duniya ta yaba wa Ujiri da ƙarfin hali. Makonni kaɗan bayan haka Leonard, wanda kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi Clippers. Siakam ma an musanya shi zuwa Indiana a Janairun 2024.

Blake Griffin ya sa hannu kan shekaru biyar da Clippers a Yulin 2017, bayan an yi masa biki an nuna masa cewa nan ne gidansa har ya yi ritaya. A Janairun 2018 aka tura shi Detroit. Isaiah Thomas ya taka wa Boston wasa kwana ɗaya bayan rasuwar ƙanwarsa a hatsarin mota a 2017, ya ci gaba da wasa da ciwon ƙugu har ciwon ya kayar da shi, a watan Agusta aka musanya shi. Bai sake komawa matsayinsa na da ba, babban kwantiragin da yake hange kuma bai samu ba. Harrison Barnes kuwa yana tsakiyar wasa da rigar Dallas a Fabrairun 2019 labari ya bazu cewa an tura shi Sacramento.

In ƙungiya ta yi irin wannan sai a ce harkar kasuwanci ce. In ɗan wasa ya yi, sai a ce butulci. Akwai sharaɗin da ke hana a musanya mutum sai da yardarsa, amma ba a samunsa sai an yi shekaru takwas a gasar, huɗu daga ciki a ƙungiyar, kuma sai ƙungiyar ta ga dama. A kakar da aka musanya Dončić mutum biyu ne kacal ke da shi a rubuce: LeBron James da Bradley Beal.

Ko matsin lambar taurarin ma ba kullum yake biyan buƙata ba. Damian Lillard, bayan shekaru goma sha ɗaya a Portland, ya ce a 2023 Miami kaɗai yake so. Gasar ta aika wa ƙungiyoyi takardar gargaɗi, Portland ta tura shi Milwaukee. Durant da Harden da Kyrie Irving, waɗanda suka haɗa kansu a Brooklyn, wasanni 16 kawai suka taka tare, zagaye ɗaya suka tsallake a wasannin neman kofi. Clippers, don ta faranta wa Leonard rai, ta karɓo Paul George daga Oklahoma City a 2019, ta ba da damar zaɓe biyar na zagayen farko da wani matashi mai suna Shai Gilgeous-Alexander. A 2025 matashin ne ya zama gwarzon gasar, Oklahoma City ta ɗaga kofi. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci gasar, kuma Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, da Golden State ta Stephen Curry, da Denver ta Nikola Jokić, da Boston ta Jayson Tatum da Jaylen Brown, duk sun ci ne da mutanen da suka ɗauka tun suna matasa. Da taurari ne ke juya gasar yadda suka so, da ba haka jerin zai kasance ba.

Wa ya fi cin riba?

Ƙarfin ƴan wasa na gaskiya, wanda ya shafi kowa da kowa, yana cikin yarjejeniyar da sandikarsu ke ƙullawa da masu ƙungiyoyi. Ita ce ta ba su kusan rabin kuɗin shigar gasar, ita ce ta sa ko sabon shiga mafi ƙarancin albashi yake haura dala miliyan ɗaya a shekara. Ita ce kuma ta sa lokacin da Milwaukee ta sallami Lillard a Yulin 2025, watanni kaɗan bayan jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, dole ta ci gaba da biyansa kusan dala miliyan 113 da suka rage. Ɗan ci-ranin da ya taɓa jin ciwo a wurin aiki aka ce ya kama gabansa ya san darajar irin wannan takarda.

Amma ko a nan masu ƙungiyoyi ba su yi asara ba. Kafin 2011 rabon ƴan wasa kashi 57 ne cikin ɗari. Aka sake rufe gasar, aka rage kaka zuwa wasanni 66, rabon ya sauko zuwa kusan 50. Yarjejeniyar 2023 ta ƙara tsananta hukunci kan ƙungiyar da albashinta ya wuce wani mataki: ba haraji kaɗai za ta biya ba, za a ɗaure mata hannu wajen musaya da ɗaukar sababbi. Hakan ya sa tara manyan taurari uku a wuri ɗaya ya yi wuya, ya kuma sa ƙungiyoyi na rabuwa da mutanen da ba su nemi tafiya ba. Minnesota ta tura Karl-Anthony Towns zuwa New York a 2024 bayan shekaru tara, Boston ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis shekara ɗaya kacal bayan sun ci mata kofi.

A gefe guda kuma kuɗi na ta kwarara. A 2024 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekaru 11 ga Disney da NBC da Amazon kan kusan dala biliyan 76. Ƙungiyar Boston da aka saya dala miliyan 360 a 2002, an yi cinikinta a 2025 kan biliyan 6.1. A shekarar dai aka yi wa Lakers ƙimar biliyan 10. Daga wannan hauhawar darajar, ɗan wasan da mutane ke tashi tsakar dare don kallonsa ba ya samun ko sisi, kuma shi shekaru goma zuwa goma sha biyar ne iyakar kasuwarsa in ya yi sa'a.

A Dallas, magoya baya sun yi zanga-zanga a ƙofar filin wasa, suka shafe watanni suna rera kiran a kori Harrison. A Nuwamban 2025 Patrick Dumont, wakilin iyalin da suka mallaki ƙungiyar, wanda shi ne ya amince da cinikin tun farko, ya sallame shi. Dončić kuwa tun a watan Agusta ya sa hannu da Lakers kan dala miliyan 165. Shekaru uku kawai ya karɓa, da sharaɗin cewa shi ke da ikon fita a 2028, shekarar da zai cika goma a gasar, ya cancanci kashi 35 ɗin a duk ƙungiyar da ya zaɓa.